Kwana Biyu a Birnin Dabo: Yadda Ake Kallon Tsohon Gini

Mutum zai baro Kaduna ko Maraɗi ranar Juma'a da yamma, ya yi Asabar da Lahadi a Kano, ya koma gida da atamfar Kantin Kwari da ƙunshin kilishi, amma ko ƙofar Gidan Makama bai taka ba. Su kansu Kanawa, da yawa rabonsu da wurin tun zuwan da malaman firamare suka kai su a layi. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne wai ginin ƙasa ne kawai da tsofaffin tarkace. Wanda bai san abin da zai duba ba kuwa, lallai tarkace zai gani.

Shi ya sa ya kamata a fara da Gidan Makama da safiyar Asabar, kafin a je ko'ina. An gina shi a ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa lokacin yana Makaman Kano, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Bayan Turawan Ingila sun ci birnin a watan Fabrairun 1903, sa'ad da Sarki Alu yake Sakkwato, sun yi amfani da gidan a matsayin ofis. Yau gidan tarihi ne a hannun hukumar tarayya mai kula da kayan tarihi. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan sarakuna. Amma babban abin kallo shi ne gidan kansa, kuma yawancin masu ziyara ba sa ɗaga kai.

A ɗaga kai a dubi rufin soro. Waɗannan bakunan da suka taso daga bango suka haɗu a tsakiya, ba siminti ko ƙarfe a cikinsu. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, magina suka jera gaɓa-gaɓa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, suka ɗaure, suka lulluɓe da ƙasa. Bangon kuwa tubali ne da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, gindinsa da kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa. Kaurin nan ne ke sa cikin soro sanyi ko da ana tsakiyar bazara. A waje kuma a lura da zankwaye a saman katanga da indararo mai zubar da ruwa nesa da bango. Irin wannan gini yana rayuwa ne da yaɓe. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke kare shi daga ruwan sama, kuma in aka yi damina biyu ko uku ba a waiwaye shi ba, sai zaizaya ta fara.

Daga nan Gidan Rumfa tsallaken titi ne. Fada ce mai rai, Sarki da iyalinsa na ciki, don haka ba a kutsa kai sai da izini, ba a kuma ɗaukar hoton dogari ba tare da an tambaye shi ba. Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take, ta isa ta cinye sauran yinin.

Ranar Lahadi a sammaka zuwa Dala kafin rana ta yi zafi. Daga kan dutsen da Barbushe ya zauna ake gane girman tsohon birni, a kuma ga abin da ya rage na ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen ƙarni na 12. Abin da ya rage ɗin ba shi da yawa: ruwa ya ci wani sashe, masu ɗiban ƙasa da masu gidaje da shaguna sun ci sauran, kuma a ganina laifin mutane ya fi na damina.

Marinar Ƙofar Mata, wadda marinan ke lissafa farkonta daga 1498, tana da alaƙa da duk abin da aka gani jiya. Katsin da ke taruwa a gindin rijiyar baba shi ake ƙonawa a haɗa laso, wanda magina ke shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo.

In da sauran lokaci, a ƙarasa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna, mutumin da ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909. A nan za a ga magina na gida sun yi wa Bature bene da tubali da azara. Kafin a tafi dai a bincika ko ana buɗewa ranar, a riƙe ɗan canji na kuɗin shiga da na mai rakiya.