Daga Katin 'Yan Wasa Zuwa Tukunyar Ladi Kwali: Wa Zai Shaida Na Ainihi Ne?

Cikin watan Agusta na 2022 aka yi gwanjon wani ɗan kati a ƙasar Amurka wanda bai cika tafin hannu ba, aka saye shi dala miliyan 12 da dubu 600. Hoton wani shahararren ɗan wasa ne a jikinsa, Mickey Mantle, kuma kamfanin Topps ne ya buga shi a 1952, lokacin da ake sayar wa yara irinsa haɗe da cingam.

Ba tsufa kaɗai ya kai shi wannan daraja ba. Kafin gwanjon an miƙa shi ga kamfanin SGC, wanda ya ba shi maki 9.5 cikin 10. Akwai kamfanoni da wannan ce sana'arsu, babbansu shi ne PSA da aka kafa a 1991. Mai kati yakan aika musu, ya biya ladan dubawa, wanda ke ƙaruwa gwargwadon darajar katin. Su kuwa sai su tabbatar ba jabu ba ne, su duba kusurwoyinsa huɗu, da gefensa, da fuskarsa, da ko hoton ya zauna daidai tsakiya, sa'an nan su rufe shi cikin roba mai lamba. Katin da aka datse, ko aka ƙara wa launi don ya yi kyau, ba a ba shi maki.

Wannan sana'a ba ta kafu a nan gida ba, amma ƙasar Suleja, daga cikin gari har ƙauyuka irin su Garam, tana da abin da ke bukatar irin wannan shaida, watau tukwanen makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja. Wani Bature mai suna Michael Cardew ya kafa ta a farkon shekarun 1950, zamanin Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko. Da hannu take gina tulunanta bisa al'adar Gbagyi, ta zana musu kadangare da kunama da kifi da kada, kana a shafa musu ruwan ƙyalli a gasa da wuta mai tsanani. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20.

Yau ana sayen tulunanta da dubban fam a gidajen gwanjo na Landan. Can ba maki ake bayarwa ba, amma binciken ɗaya ne. Ana neman hatimi biyu a jikin tukunya: haruffan LK, da sunan Abuja cikin rubutun ajami. Ana duba tsaga da ɓallewar baki da alamun gyara, a kuma bi sawun hannayen da ta ratsa tun daga Suleja, domin hatimi abu ne da ɗan damfara zai iya kwaikwaya. Abin takaici a nan shi ne tukunyar da aka gina a Suleja sai ta haye teku kafin a yarda da ita, kuma wanda ya sayar a ƙofar gida bai san abin da ya rabu da shi ba.

Saboda haka duk wanda ya gaji irin wannan tukunya kada ya kankare ta, kada ya liƙe tsagarta da gam, ya kuma adana rasit ko tsohon hoton da ya nuna ta. Kafin a yi maganar fitar da ita waje, sai a tuntuɓi Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta ɗora wa alhakin ba da izinin fitar da kayan tarihi.