INDIYA DA PAKISTAN: ABIN DA YA HANA SU ZAMAN SHAWARA

Indiya da Pakistan maƙwabtan juna ne, tsawon iyakar da ke tsakaninsu kuwa ya zarce mil 2,000. Tun da suka sami mulkin kai cikin 1947 sun gwabza babban yaƙi sau uku, ban da ƙananan faɗace-faɗace. Kowace tana ƙarar 'yar'uwarta da cewa tana turo mata 'yan ta'adda ta kan iyaka. An shirya wannan takarda ne domin Hakimai da malamansu su san asalin maganar, su kuma iya warware wa jama'a ita in an tambaye su.

MAFARIN GABA

A zamanin mulkin Ingilishi ƙasashen nan biyu ƙasa ɗaya ce. Wani sashi Turawa ne ke riƙe da shi da kansu. Wani sashi kuwa yana hannun sarakunan gargajiya fiye da 500, waɗanda aka bari bisa gadon sarautarsu da Razdan a gefe, kusa da yadda aka yi da sarakunan Nijeriya ta Arewa. A watan Agusta 1947 Turawa suka tashi, aka raba ƙasar biyu. Inda Musulmi suka fi yawa ya zama Pakistan, sauran ya zama Indiya. Aka ce kowane sarki ya zaɓi wadda zai bi.

Sarkin Kashmir, Hari Singh, addinin Hindu yake bi, amma yawancin talakawansa Musulmi ne, ƙasarsa kuma tana iyaka da duka biyun. Ya yi ta jinkiri bai zaɓa ba. A watan Oktoba sai mayaƙan kabilun duwatsu suka tsallako daga wajen Pakistan. Sarki ya nemi gudunmawa daga Indiya, ya sa hannu a takardar shiga cikinta ran 26 ga wata, kashegari sojanta suka sauka Srinagar, babban birnin ƙasar.

A watan Janairu 1948 Indiya ta kai ƙara Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce Pakistan ce ta ba mutanen nan makamai ta turo su. Pakistan ta ce ba hannunta, mutane ne suka tashi don kansu domin su taimaki 'yan'uwansu. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan ƙara da wannan amsa, gama su ne ake ta maimaitawa fiye da shekara saba'in.

Majalisa ta tsara mataki uku: Pakistan ta janye mutanenta, sa'an nan Indiya ta rage sojanta, sa'an nan a tambayi mutanen Kashmir ra'ayinsu ta hanyar ƙuri'a. Kowace ta tsaya jiran ɗayar ta fara. An tsai da wuta ran 1 ga Janairu 1949, kowa ya riƙe inda sojansa ke tsaye, ƙuri'ar kuwa ba a yi ta ba.

ALKAWARIN SIMLA

Sun sake yaƙi cikin 1965, Rasha ta sasanta su a Tashkent. Cikin 1971 aka yi na uku, wanda ya sa Pakistan ta Gabas ta ɓalle ta zama Bangaladash. Bayan wannan, a watan Yuli 1972, Indira Gandhi da Zulfikar Ali Bhutto suka sadu a Simla, suka ƙulla alkawari cewa duk wata jayayya su biyu za su kashe ta tsakaninsu, suka kuma yarda kowa ya kiyaye layin da ya raba sojansu a Kashmir. Indiya ta ɗauki wannan alkawari a kan cewa an rufe ƙofa ga mai shiga tsakani. Pakistan kuwa ta ce hukuncin Majalisar Ɗinkin Duniya na nan daram.

ƘARAR INDIYA

Cikin 1987 aka yi zaɓe a Kashmir ta hannun Indiya, mutane da yawa suka ce an yi maguɗi. Zuwa 1989 tawaye ya ɓarke, wanda ya ci rayukan dubban mutane. Indiya ta ce hukumar leƙen asirin sojan Pakistan ce ke horar da mayaƙa tana tsallako da su. Ta fi ambaton ƙungiyoyi biyu, Lashkar-e-Taiba da Jaish-e-Mohammed, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin 'yan ta'adda.

Babbar hujjarta ita ce abin da ya faru a Mumbai ran 26 ga Nuwamba 2008. Mutum goma suka taso daga Karachi ta teku, suka auka wa tashar jirgin ƙasa da manyan masaukai, suka kashe mutum 166. An kama ɗaya da rai, Ajmal Kasab, ɗan Pakistan, aka yi masa shari'a, aka rataye shi cikin 2012. A watan Fabrairu 2009 Gwamnatin Pakistan da kanta ta yarda cewa an ƙulla wani sashi na makircin a ƙasarta. Ta kama mutane, amma shari'arsu ta yi ta tafiyar hawainiya. Shugaban da Indiya ta fi nema, Hafiz Saeed, sai cikin 2020 aka ɗaure shi, shi ma bisa laifin tara wa 'yan ta'adda kuɗi.

ƘARAR PAKISTAN

Pakistan ta ce goyon bayanta ga mutanen Kashmir na baki ne da na siyasa kawai, kuma ta haramta ƙungiyoyin nan biyu tun Janairu 2002. Ta ce ita ma ta yi hasarar dubban rayuka a hannun 'yan ta'adda. Har wa yau tana zargin Indiya da taimakon 'yan tawayen lardin Balocistan.

A watan Maris 2016 ta ba da sanarwar kama wani Kulbhushan Jadhav a lardin nan, ta ce hafsan sojan ruwan Indiya ne, ɗan leƙen asiri. Kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa cikin 2017. Indiya ta ce ya daɗe da barin aiki, kuma sato shi aka yi daga Iran. Cikin 2019 Kotun Duniya ta umurci Pakistan ta bar wakilan Indiya su gana da shi, ta kuma sake duba hukuncin. Pakistan takan kuma tuna da jirgin ƙasan Samjhauta da aka sa wa bam a cikin Indiya cikin 2007, inda mutum 68 suka mutu, yawancinsu 'yan Pakistan. Waɗanda aka gurfanar, kotun Indiya ta sallame su cikin 2019. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

YADDA SHAWARA KE WARGAJEWA

Abin lura shi ne, yawanci sa'ad da shugabanni suka fara kusantar juna ne ake kai hari. Ga misalai:

A watan Fabrairu 1999 Firayim Ministan Indiya, Vajpayee, ya shiga motar fasinja ya tafi Lahor wajen Nawaz Sharif. Wata uku bai cika ba aka iske mayaƙa daga wajen Pakistan sun kama duwatsun Kargil, aka yi ta faɗa har Yuli.

A watan Yuli 2001 Janar Musharraf ya zo Agra. A watan Disamba aka kai hari Majalisar Dokokin Indiya, ƙasashen biyu suka jibge soja a bakin iyaka har kusan shekara guda.

Daga 2004 aka yi zaman shawara mafi tsawo, har aka buɗe hanyar mota tsakanin sassan Kashmir biyu cikin 2005. Harin Mumbai ya tsai da shi.

Ran 25 ga Disamba 2015 Narendra Modi ya yada zango a Lahor ba zato. Bayan kwana takwas aka auka wa barikin sojan sama na Pathankot. A watan Satumba 2016 aka kashe soja 19 a Uri, taron ƙasashen Kudancin Asiya da aka shirya yi a Islamabad ya watse.

A watan Fabrairu 2019 bam ya kashe 'yan sandan Indiya 40 a Pulwama. Jiragen Indiya suka kai farmaki Balakot, Pakistan ta rama, ta kama matuƙi ɗaya, ta mayar da shi bayan kwana biyu. A watan Agusta na shekarar nan Indiya ta soke matsayi na musamman da Kashmir ke da shi cikin tsarin mulkinta, Pakistan ta sallami jakadan Indiya ta tsai da ciniki.

RIKICIN 2025 DA MAGANAR RUWA

Ran 22 ga Afrilu 2025 'yan bindiga suka kashe mutum 26 kusa da Pahalgam, yawancinsu 'yan yawon buɗe ido, mabiya addinin Hindu. Indiya ta ɗora wa Pakistan laifi. Pakistan ta musa, ta nemi a kawo masu bincike waɗanda ba ruwansu da kowa. Ran 7 ga Mayu Indiya ta harba makamai kan wurare tara da ta ce sansanin 'yan ta'adda ne, Pakistan ta ce an kashe mata farar hula. Aka yi kwana huɗu ana musayar wuta, aka tsaya ran 10 ga wata. Shugaban Amurka ya ce shi ya sasanta, Indiya ta ce manyan hafsoshi ne suka daidaita ta waya.

Abin da ya fi tsoratar da masu lura shi ne jingine yarjejeniyar ruwa da Indiya ta yi. An ƙulla ta cikin 1960 da taimakon Bankin Duniya. Koguna shida aka raba: Ravi da Beas da Sutlej na Indiya, Indus da Jhelum da Chenab kuwa na Pakistan, ko da yake ta ƙasar da ke hannun Indiya suke biyowa. Yarjejeniyar ta tsira daga yaƙin 1965 da na 1971, domin tana da wakilai na dindindin da hanyar kai ƙara gaban alƙali. Yawancin noman Pakistan da kogunan nan ya dogara, shi ya sa ta ce tare ruwa daidai yake da shelar yaƙi.

ABUBUWA UKU DA SUKA TOSHE HANYA

Na farko, ba su yarda da abin da za a fara tattaunawa ba. Indiya ta ce ba zama sai an daina ta'addanci. Pakistan ta ce Kashmir ce tushen cuta, da ita za a fara.

Na biyu, ba alƙalin da duka biyu suka amince da shi. Shaidar da wannan ta kawo, waccan ta ce ƙage ne. Saboda haka ba ƙarar da ke kaiwa ga hukunci.

Na uku, kowane shugaba yana da mutanen gida da yake tsoro. A Indiya wanda ya sassauta bayan an kai hari yana iya faɗuwa zaɓe. A Pakistan kuwa maganar Indiya a hannun soja take fiye da hannun 'yan siyasa.

Sakamakon wannan shi ne, 'yan bindiga goma suna iya rushe abin da jakadu suka shekara huɗu suna ginawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haɗarin kuwa ya ƙaru tun watan Mayu 1998, sa'ad da kowace ta gwada bam ɗin nukiliya.

WAƊANDA KE ƊAUKAR HASARA

Talakawan bakin iyaka su ne igwa ke faɗa wa gidajensu, su bar gonakinsu su gudu. Cikin 2025 da aka soke takardun izinin shiga, an raba miji da mata, an mai da marasa lafiya gida ba su gama magani ba. Kayan da mota za ta tsallaka da su cikin yini ɗaya sai su zaga ta Dubai, kuɗinsu ya ƙaru.

Duk da haka akwai 'yan igiyoyin da suka daɗe ba su tsinke ba. Tun 1992 ƙasashen biyu sukan miƙa wa juna jerin wuraren nukiliyarsu ran 1 ga Janairu, kuma wayar da ke tsakanin hafsoshinsu ita aka yi amfani da ita aka tsai da wuta cikin 2021 da 2025. Duk wanda ya taɓa zama kan rikicin iyaka ya san muddin masu jayayya suna gaisawa, akwai sauran gyara. Ran da aka daina aike, ran nan magana ta koma hannun mai ɗauke da makami.