Zafin Sabuwar Kwamfutar Tafi-da-gidanka: Dalilansa, Matakan Kariya da Gurbinsa a Manhajar Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2008 da aka fara aiwatar da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara wadda hukumar NERDC ta tsara, darasin kwamfuta ya sami gurbi a makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙasar nan. A shekarar 2015 kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗaya kan kwamfuta. Wannan ya sa malamin Hausa ma bai tsira daga buƙatar wannan na'ura ba, domin da ita yake shirya darasi, ya buga tambayoyi, ya kuma adana sakamakon ɗalibai. Sau da yawa malami da kuɗin aljihunsa yake saye, ko ta adashi ko ta bashin ƙungiya. Saboda haka idan sabuwar kwamfuta ta fara zafi tun a makon farko, hankalinsa kan tashi, har ya garzaya wurin mai gyara ya ɓalle ta, alhali ɓallewar na iya jawo masa asarar garantinsa.

A wannan maƙala za mu yi bayanin inda zafin yake fitowa, da dalilin da ya sa sabuwar kwamfuta kan yi shi, da yadda za a bambance ɗumin aiki da zafin lalura. Daga ƙarshe za mu nuna yadda za a shigar da wannan ilimi cikin darussan Hausa.

2.0 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kalmar "manhaja" a yau tana ɗauke da ma'ana biyu: tsarin abin da za a koyar a makaranta, da kuma shirin da ake ɗora wa kwamfuta ko waya don ta yi wani aiki. Don kauce wa ruɗani, a nan za mu riƙa cewa "manhajar kwamfuta" idan muna nufin ma'ana ta biyu. Ɗan ƙaramin sashen da ke yin lissafi da sarrafa umarni za mu kira shi "ƙwaƙwalwa". Ita kanta na'urar, wasu na ce mata "kwamfutar cinya", wasu "laftof". Mun zaɓi "kwamfutar tafi-da-gidanka" bisa dalilin da zai fito fili a gaba.

3.0 Inda Zafin Yake Fitowa

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta wuce faɗin farcen babban yatsa da yawa ba, amma tana ƙunshe da biliyoyin ƙananan makunnai da ke buɗewa suna rufewa ba ƙaƙƙautawa. Kusan duk wutar lantarkin da ta bi ta cikinsu tana komawa zafi. Ƙwaƙwalwar siririyar kwamfuta irin ta ofis tana cin wajen wat 15 zuwa 28, ta manyan ayyuka kuwa wat 45 ko fiye. Wannan ba wuta mai yawa ba ce, sai dai an tattara ta a ɗan ƙaramin wuri, cikin rufaffen akwati marar kauri.

Don fitar da zafin, ana manna wa ƙwaƙwalwar wani siririn bututu na jan ƙarfe mai ɗan ruwa a rufe a ciki. Idan ƙwaƙwalwa ta yi zafi sai ruwan ya zama tururi, ya tafi ɗaya bakin bututun inda aka jera faifan ƙarfe sirara kamar haƙoran mataji. A can fanka ke hura musu iska, tururin ya huce ya koma ruwa, ya dawo ya sake ɗaukar wani zafin. Malami zai iya kwatanta wa ɗalibai wannan da randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bin iska, yana tafiya da zafi, shi ya sa na ciki yake sanyi. Kamar yadda randar da aka ajiye a lungun da iska ba ta kaiwa ba ta sanyaya ruwa sosai, haka kwamfutar da aka toshe wa kafofin iska ba ta hucewa.

Masu ƙera ƙwaƙwalwa, irin su Intel da AMD, sukan ƙayyade iyakar zafin da za ta iya jurewa a wajen digiri 95 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyos. Idan ta kusa wannan iyaka sai ta rage gudu da kanta. Idan hakan bai wadatar ba sai kwamfutar ta kashe kanta. Ke nan nauyin aiki da mutuwar bagatatan ba lalacewa ba ne a karan kansu, hanyoyi ne na kare kai. Abin bincike shi ne dalilin da ya kai ta ga haka.

4.0 Dalilan Zafin Sabuwar Kwamfuta

4.1 Ayyukan kwanakin farko

Kwamfuta kan yi watanni a ajiye tsakanin masana'anta da kanti. Da zarar an haɗa ta da intanet sai ta shiga saukar da sabunce-sabuncen da suka taru, tana jera sunayen fayiloli don sauƙaƙa nema, manhajar kariya tana binciken duk abin da ke ciki. Idan mai ita ya kwafo mata takardu da hotuna daga tsohuwar kwamfuta, aikin ya ƙaru. Duk wannan yana gudana a ɓoye, mai kallo yana ganin kamar ba ta yin komai. Ga kuma manhajojin talla da na gwaji da ake ɗora wa sababbin kwamfutoci, waɗanda ke tashi tare da ita duk lokacin da aka kunna. Irin wannan zafi kan lafa bayan 'yan kwanaki. A inda intanet ke yankewa, yana iya ɗaukar lokaci fiye da haka, domin aikin ba ya ƙarewa a zama ɗaya.

4.2 Yanayin wuri

Kamfanoni da dama sun ƙayyade digiri 35 a matsayin iyakar zafin ɗakin da ya dace a yi amfani da kwamfutocinsu. Kamfanin Apple, alal misali, ya sanya digiri 10 zuwa 35. A Sakkwato da Maiduguri da Kano kuwa, zafin rana a watannin Maris zuwa Mayu kan haura digiri 40, kuma ɗakin malamai mai rufin kwano ba silin yana iya fin waje zafi. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki kawai take hurawa. Idan iskar ta ƙaru da digiri 15, to ƙwaƙwalwar ma za ta ƙaru da kusan haka a kan aiki iri ɗaya. Da hunturu kuma ƙura ce ke shiga ta liƙe a faifan ƙarfen nan. Malaman Hausa da ke koyarwa a kudu, kamar Aba ko Ibadan ko Fatakwal, zafinsu bai kai na arewa ba, amma laimar iska tana sa ƙura ta dunƙule ta manne.

4.3 Wurin da ake ɗora ta

Yawancin waɗannan kwamfutoci ta ƙasa suke jawo iska, su fitar ta gefe ko ta baya. Ƙananan ƙafafun roba da ke ƙarƙashinsu su ne ke bar wa iska hanya. Katifa da matashi da darduma da kujerar kushin duk suna toshe wannan hanya. Haka ma cinya, musamman ga mai babbar riga ko zane ko hijabi. Wannan shi ne dalilin da ya sa muka guji sunan "kwamfutar cinya", domin suna ne da ke koya wa mai ji ɗabi'ar da ke cutar da na'urar. Yana iya cutar da mutum ma, tun da zafin da ya kai digiri 44 yana iya ƙona fata idan ya ɗauki awanni a manne da ita.

4.4 Caja da batir

Batir yana ɗumi lokacin caji, don haka wanda ke caji yana kuma aiki mai nauyi ya haɗa zafi biyu. Cajar ainihi an yi ta ne ta karɓi wuta daga bolt 100 zuwa 240, amma jabu ba ta da wannan tabbaci, balle a kan janareta mai hawa da sauka. Batirin litiyom, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, zafi ne babban maƙiyinsa, yana tsufar da shi da wuri. Kuma sabunta ba ta hana aibin masana'anta: a 2006 kamfanin Dell ya janye batira miliyan 4.1 daga hannun jama'a saboda haɗarin kama wuta.

5.0 Bambance Ɗumin Aiki da Zafin Lalura

Harshen Hausa ya riga ya tanadar mana matakai: ɗumi-ɗumi, ɗumi, zafi, zafi zau, sannan ƙuna. Kwamfutar da ke aiki mai sauƙi, kamar rubutu, ƙwaƙwalwarta kan kasance tsakanin digiri 40 da 60, jikinta kuma ɗumi kawai za a ji. Idan tana aiki mai nauyi, kamar tace bidiyo ko taro ta intanet, tana iya kaiwa digiri 80 zuwa 90, fanka ta ɗaga murya, sannan ta lafa idan an gama. Wannan duk daidai ne.

Alamomin lalura kuwa su ne: kwamfuta ta riƙa mutuwa a kan aiki mai sauƙi a ɗaki mai iska, a ji zafi zau amma ba a jin motsin fanka ko fitar iska, ga kwamfutar da aka yi da fanka, fanka ta riƙa ƙara kamar tana gogar wani abu, a ji ƙauri, ko a ga madannai ko murfin ƙasa sun ɗago, wanda ke nuna batir ya kumbura. Idan aka ji ƙauri ko aka ga kumburi, a kashe ta nan take, a cire caja, a ajiye ta a kan siminti nesa da takardu, kada kuma a danna ko a huda batirin.

6.0 Matakan da Suka Dace

Na farko, a ɗora ta a kan tebur ko faranti mai tauri, a ɗan ɗaga bayanta don iska ta sami hanya. Na biyu, a ba ta dama ta kammala sabunce-sabuncenta da safe ko da dare, sannan a kashe a sake kunnawa. Na uku, a kwamfuta mai Windows a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, za a ga jerin ayyukan da take yi da kason ƙarfin da kowanne ke ci. Abin da ba a buƙata a rufe shi, a kuma hana shi tashi tare da ita. Na huɗu, a sa ta a tsarin wuta na matsakaici ko na tsimi, kuma idan tana da zaɓin tsayar da caji a wajen kashi 80 cikin 100, a yi amfani da shi. Na biyar, kada a sa ta a jaka sai an tabbatar ta mutu, kada kuma a bar ta cikin rufaffiyar mota. Na shida, kada a sa ta a firji ko a ɗora mata ƙanƙara, domin raɓa za ta taru a ciki ta lalata ta.

Idan an bi waɗannan matakai har mako guda zafin bai ragu ba, to a mayar da ita inda aka saya, tare da rasit da kwalinta. Garanti akasari na shekara ɗaya ne, kuma dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi. A nan da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin idan mai gyaran bakin hanya ya ɓalle ta, mai kanti ya sami hujjar ƙin karɓa. Yana da kyau tun ranar saye a duba lambar jikin kwamfutar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, saboda akwai masu gyara tsohuwa su sa ta a sabon kwali.

7.0 Gurbin Wannan Ilimi a Manhajar Hausa

Ba muna neman a ƙirƙiro sabon darasi ba ne. Abin da muke ba da shawara shi ne a yi amfani da wannan batu a guraben da suke akwai. A auna fahimta, ana iya rubuta gajeren bayani kan yadda zafi ke fita daga kwamfuta, tare da misalin randa. A nahawu, matakan kariya fage ne na koyar da umarni da hani: "ɗora ta a kan tebur", "kada ka toshe kafofin iska". A insha'i, ɗalibin babbar sakandare zai iya rubuta wasiƙar neman haƙƙi zuwa ga mai kanti, ya faɗi ranar saye da alamomin da ya gani da abin da yake nema. A ginin kalma kuwa, ga ɗafa-goshin "ma-" a madannai da makunni da ma'adana, ga harɗaɗɗiyar kalma a tafi-da-gidanka, ga aro a fanka da caja da batir, ga amsa-kama a "zau".

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masu tsara manhaja. Ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi. Fannin kwamfuta ma yana buƙatar irin wannan daidaito, domin muddin littafi ɗaya yana kiran abu da suna, wani littafin yana kiransa da wani, ɗalibi ne zai ruɗe, musamman mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Wajen zaɓen kalma kuma a lura da ɗabi'ar da take koyarwa, kamar yadda muka gani a "kwamfutar cinya".

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun nuna cewa zafi ɓangare ne na aikin kwamfuta, kuma yawancin zafin sabuwar kwamfuta yana fitowa ne daga ayyukan kwanakin farko da yanayin ɗaki da wurin da aka ɗora ta. Mun kawo alamomin da ke nuna lalura ta gaske, inda mafita ita ce garanti. Muna ba da shawarar a sa wannan batu cikin bitar da ake yi wa malaman Hausa kafin a raba musu kwamfutoci, a kuma tanadi gajeren jagora da Hausa da za a liƙa a kowane ɗakin kwamfuta na makaranta.