Kafin Ka Sayi Sabon Turbo, Duba Tiyo

Direbobin motocin haya (trotro) na Nima da Maamobi sun san wannan matsala. Motar Sprinter tana tafiya lafiya lau, sai kwatsam ta daina ja. Ka taka totur har ƙasa, ba ta da kuzari, ga baƙin hayaƙi a baya. Da an isa gareji sai ka ji an ce turbo ya mutu, a nufi kasuwar kayan mota ta Abossey Okai neman wani. Sau da yawa kuwa turbon lafiyarsa ƙalau.

Aikin turbo shi ne cusa wa inji iska. Hayaƙin da ke fita ne ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai tura iska, gudun da kan wuce juyi 150,000 a minti ɗaya. Iskar tana bin tiyo, ta ratsa na'urar sanyaya ta da ke gaban mota, sannan ta shiga inji. Ko'ina ta sami kafa a wannan hanya, ƙarfi ya zube.

Don haka daga tiyo ake farawa. A bi shi da hannu daga bakin turbo, a matsa shi, a duba ƙasansa, inda tsagewa ke ɓuya. Wurin da ya jiƙe da baƙin mai, ƙura ta manne masa, nan iska ke fita. Wani lokaci maɗaurin ƙarfe ne kawai ya saki. Alamarsa huci idan an taka, da baƙin hayaƙi, domin dizal ya yi yawa, iska ta yi kaɗan.

Sai a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu kan toshe. Sai ƙananan tiyoyin da ke sarrafa turbo, da na'urar auna iska. Idan motar tana dawowa daidai bayan an kashe an sake kunnawa, kwamfutarta ce ke rage ƙarfi don kare inji. A sa mata na'urar bincike ta faɗi abin da ta gani.

Turbon da ya lalace ba ya ɓoyuwa: yana kuka kamar jiniya, hayaƙi ya koma shuɗi-shuɗi, mai yana raguwa. Idan inji ya huce aka cire tiyo aka taɓa farfelar, za a ji tana girgiza, har tana gogar jiki. Ko a nan sai an gano musabbabi. Galibi rashin juyen baƙin mai kan lokaci ne, ko toshewar bututun da ke kai masa mai. Idan ba a gyara wannan ba, sabon ma zai bi sahun tsohon.

Malam direba, kuɗin turbo na iya cinye cinikin makonni. Kada ka fitar da ko sidi ɗaya sai makaniki ya nuna maka lalacewar da idonka.