Ƙarin da Ke Ɓuya a Cikin Maƙoƙo: Yadda Ake Rarrabe Shi a Ɗakin Gwaji

Maƙoƙo ba baƙon ciwo ba ne a yammacin Jihar Zamfara. Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum ya ga mace ko namiji da kumburi a gaban wuya, wani kamar ƙwan zabuwa, wani har ya kai girman ƙoƙo. Abin da ke kumbura wata ƙaramar halitta ce da masana ke kira tayiroid, wadda ke manne a jikin maƙogwaro, siffarta kamar ta malam buɗe littafi, nauyinta kuwa wajen giram 20 ne a jikin baligi. Aikinta shi ne tsotse sinadarin aidin daga jini ta haɗa homon ɗin da ke daidaita yadda jiki ke ƙona abinci. In aidin ya yi ƙaranci sai ta yi ta girma don ta cike gurbi. Ƙasashen da ke nesa da teku sun fi fama da wannan, kuma binciken da aka yi a yammacin Sudan ya nuna cewa gero ma yana ɗauke da wasu sinadarai masu rage wa tayiroid kuzari idan aidin bai wadata ba. Wannan ne ya sa Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri tun 1993.

Akasarin maƙoƙo ba sankara ba ne. A cikin ƙulallan da ake samu a tayiroid, tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin 100 ne kawai ke zamowa ciwon daji. Matsalar ita ce waɗannan 'yan kaɗan ɗin ba iri ɗaya ba ne, maganinsu ma ya sha bamban, alhali ga ido da hannun likita duk kumburi ne. Mai rarrabe su shi ne masanin nazarin tsoka, wanda ke zaune da madubin ƙara girman abu a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya.

Matakin farko shi ne allura. Akan soka siririyar allura a cikin ƙullin a zuƙo 'yan ƙwayoyin halitta, a shafa a kan gilashi, a rina, a duba. Wannan ya isa a gane nau'in da ya fi yawa a duniya, wato fafilari, domin cibiyoyin ƙwayoyinsa suna da alamu na musamman: sukan yi cunkoso, da tsaga a tsakiya kamar ta ƙwallon dabino. Amma akwai inda allura ba ta da ta cewa. Nau'in folikula, wanda ya fi yawaita a wuraren da aidin ya yi ƙaranci, yana da ɗan'uwa marar illa da suke kama ƙwarai da gaske, har babu mai iya bambanta ƙwayoyinsu. Bambancin yana a gefen ƙarin ne. Kowannensu na lulluɓe da wata kwasfa. Idan ƙwayoyin sun huda kwasfar nan ko sun kutsa cikin jijiyar jini, to sankara ce, in kuwa suna zaune a ciki lafiya, ba ita ba ce. Allura daga tsakiya take ɗebowa, ba ta ganin kwasfa. Dole sai an yi tiyata an ciro ɓangaren, an yanka gefensa yanka-yanka an bi shi da dubawa.

Tsokar da aka ciro akan jiƙa ta a ruwan fomalin, a tsane ruwanta, a daskarar da ita cikin kakin kyandir, sannan a yanka ta da wata na'ura sirara-sirara, kaurin kowane yanka bai wuce kashi 4 ko 5 cikin 1,000 na milimita ba. Daga nan sai rini. Kamar yadda marini ke sanin irin zaren da zai kama baba, haka masanin ke amfani da rini iri biyu, ɗaya ya mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya, ɗayan ya mayar da sauran jikinta jaja-jaja.

A nan ne nau'o'in da ba a cika gani ba suke rikita ido. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne medulari, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na sankarar tayiroid ba. Sai a 1959 ne wani likitan Amurka, John Hazard, da abokan aikinsa suka ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, kuma a 1966 masanin nan na Birtaniya, E. D. Williams, ya bayyana asalinsa. Ashe ba daga ƙwayoyin da ke tsotsar aidin yake fitowa ba, daga wasu 'yan tsiraru ne da ke raɓe a tsakaninsu, masu samar da wani homon daban mai suna kalsitonin. Wannan bayani ba na ƙawata littafi ba ne kawai. Bayan tiyata, masu fafilari da folikula ana iya ba su aidin mai tartsatsin nukiliya su sha, ragowar ƙwayoyin cutar su tsotse shi su mutu. Medulari ba ya tsotsar aidin, saboda haka wannan magani ba ya yi masa komai. Wanda aka yi wa kuskuren suna an ɓata masa kuɗi da lokaci, cutar kuwa na nan tana yaɗuwa.

Medulari gwanin sauya kama ne: ƙwayoyinsa kan zo zagayayyu, ko dogaye kamar mazari, wani lokaci ma su jeru kamar na folikula. Abin da ke tona masa asiri shi ne wani dunƙulallen furotin mai suna amiloid da yakan tara a tsakanin ƙwayoyinsa. In aka sa masa rinin da ake kira Jan Kwango, aka haska shi da wani tataccen haske, sai ya rikiɗe ya koma kore shar. Hanyar da ta fi wannan tabbaci ita ce ta sojojin garkuwar jiki da aka tanada a kwalba, kowanne da furotin guda da yake kamawa, inda ya kama kuma wurin ya yi launin ƙasa-ƙasa. Wanda ke kama tayirogulobulin na nuna ƙwayoyin aidin ne, wanda ke kama kalsitonin kuwa na nuna medulari.

Gane medulari ya shafi dangi gaba ɗaya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ɗauke da shi gadonsa suka yi, ta hanyar tawaya a wata ƙwayar gado mai suna RET, kamar yadda aka gano a 1993, kuma kowane ɗa na da rabin yiwuwar ɗauka daga mahaifin da ke da ita. Wasu daga cikinsu suna kuma da wani ƙari a halittar da ke zaune a saman ƙoda, wanda kan sa hawan jini ya yi tashin gwauron zabo a kan teburin tiyata in ba a san da shi ba tun farko. A ƙasar da auren zumunci ya yawaita, gidaje kuma manya ne, sakamakon gwajin mutum ɗaya na iya zama gargaɗi ga 'yan'uwa da dama.

Akwai kuma wani ƙari da ya fi medulari ƙaranci, wanda Aidan Carney da abokan aikinsa suka bayyana a 1987. Cibiyoyin ƙwayoyinsa irin na fafilari ne, yana kuma tara wani abu mai sheƙi da ke kama da amiloid, wato yana kwaikwayon sankara biyu a lokaci guda, alhali kusan ba ya yaɗuwa ko kaɗan. Jan Kwango ba ya kama shi, kalsitonin ma babu. Rashin gane shi kan sa a cire wa mutum tayiroid ɗinsa ɗungurungum, ya koma shan ƙwayar homon har ƙarshen rayuwarsa ba gaira ba dalili. Haka nan idan wuyan dattijo ya kumbura cikin 'yan makonni har numfashi na sarƙewa, abu biyu ake tuhuma: anafilastik, mafi muni a duk sankarar tayiroid, ko kuwa limfoma, wadda daga fararen ƙwayoyin jini take, kuma sau da yawa tana jin magungunan sankara ba tare da babbar tiyata ba. Sojan garkuwa mai kama furotin CD45 shi ke raba wannan gardama.

Sai dai duk wannan ƙwarewa tana rataye ne a kan abin da aka yi a sa'ar farko bayan tiyata, can a ƙaramin asibitin da aka ciro tsokar. A zafin bazara na Gummi ko Anka, tsokar da aka bari a buɗe takan fara ruɓewa nan da nan, furotin ɗin da ake nema su lalace, rini ya ƙi kamawa. Ƙa'ida ita ce a tsoma ta cikin fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 ba tare da jinkiri ba, ruwan ya ninka girmanta sau goma, a mazubi mai faɗin baki, babbar tsoka kuma a tsaga ta domin fomalin a hankali yake ratsawa. Ruwan gishiri ba ya maye gurbinsa. Kuma a aika da ita dukkanta tare da takardar da ke ɗauke da shekarun majiyyaci, da tsawon lokacin kumburin, da bayanin ko wani a danginsa ya taɓa yin irinsa. Inda aka fi tafka asara shi ne a miƙa wa dangi tsokar su je su binne, domin kwasfar da za ta nuna ko folikula ne ko ɗan'uwansa marar illa ta tafi ƙasa tare da ita.