Tufafin Matan Ingila a Ƙarshen Zamanin Sarauniya Biktoriya

Mu malamai mun saba koya wa yara tarihi da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙe, amma sau da yawa tufafin mutane kan ba da labarin zamaninsu fiye da yadda muke zato. Bari mu dubi matan Ingila a ƙarshen mulkin Sarauniya Biktoriya, wadda ta hau gadon sarauta a 1837 ta rasu a 1901.

Wajen 1870 matan masu hali suka bar ƙaton buje mai ƙawanyar ƙarfe, suka koma ɗaura wani tudu na waya ko matashi a bayan ƙugu, a tara yadi a kansa. Yayinsa ya wuce, ya komo wajen 1883 da girma fiye da dā, har zama a kujera ya zama aiki. A ƙarƙashin riga kuwa akwai wata 'yar shara mai tsinkayen ƙarfe, wadda ake ja da igiya ta baya don ƙugu ya tsuke. Likitoci da yawa sun yi ta gargaɗi cewa tana hana numfashi sosai, amma ado ya rinjayi magana.

A 1881 waɗansu mata a Landan, da Lady Harberton a kan gaba, suka kafa jam'iyyar gyaran tufafi. Abin da suka nema shi ne kada kayan ciki na mace su wuce laba 7. To, in laba 7 ce sassauci, sai mai karatu ya auna abin da ake ɗauka kafin nan. Da farko an yi musu dariya. Amma da aka fito da basukur mai ƙafafu daidai da juna a 1885, mata suka shiga hawansa, ga kuma masu fita koyarwa da aikin ofis, sai buje mara nauyi da riga mai sauƙi suka sami karɓuwa. Abin da wa'azi ya kasa, bukata ta yi shi.

Har ƙasarmu wannan yayi ya taɓa. Gashin jimina da ake ƙawata huluna da shi, ayari kan ɗauke shi daga Kano da Barno, ya keta Sahara zuwa Tarabulus, daga nan a kai shi Landan da Faris. Da Turawan Afirka ta Kudu suka yawaita kiwon jimina, sai kasuwar fatakenmu ta faɗi. Sauran tsuntsaye kuwa kashe su aka riƙa yi saboda gashinsu, har mata a Manchesta suka kafa jam'iyyar kare su a 1889.

Saboda haka muna shawartar malamai, musamman na makarantun 'yan mata, in an zo darasin ɗinki ko na tarihi, su tambayi yara abu uku game da kowace tufa: wa ya ɗinka ta, daga ina kayanta suka fito, kuma tana barin mai ita ya yi aikinsa cikin lafiya?