Biki Ba Bashi: Yadda Za Mu Fita Kunya Da Ɗan Abin Da Ke Hannu

Duk wanda ya ratsa Zangon Hausawa ko Aboabo ran Lahadi da hantsi, ba ya bukatar a gaya masa ana biki. Ga rumfuna an kafa sun tare hanya, ga kujerun roba jere, lasifika na tashi, mata sun sha yayi iri ɗaya gwanin sha'awa. Abin da mai wucewa ba ya gani shi ne abin da ke biyo baya ran Litinin, sa'ad da mai rumfa da mai shinkafa da telan unguwa za su yi sallama a ƙofar gida. Mu malaman makaranta mun fi kowa sanin wannan, domin a wurinmu ne ƙannen amarya kan zo babu littafi babu takalmi, an ce su yi haƙuri sai an biya bashin biki.

Ba mu ce a daina shagali ba. Aure abin farin ciki ne, kuma a nan Tamale, inda muke baƙi 'yan kaɗan a cikin Dagombawa, biki na cikin abubuwan da ke tara mu wuri guda, 'ya'yanmu su ji Hausa su ga al'ada. Kakanninmu da suka watse daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, da waɗanda suka biyo fatauci bayan Turawa sun mai da Tamale hedkwatar Arewa a 1907, da lefe da lalle da kamu suka zo. Sai dai abin da suka yi da ƙwarya da faifai, mu yanzu mun ce sai da akwati mai taya. Ga shi kuwa kuɗin ba su da auki. A 2007 aka yanke sifiri huɗu daga sidi, a watan Disamba na 2022 kuma hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Wanda ya ce zai yi wa 'yarsa irin bikin da aka yi wa yayarta shekara goma baya, to ya shirya sayar da fili.

Wajibi da ƙari

Matakin farko shi ne a zauna da takarda da alƙalami a raba abin da aure ba ya ɗauruwa sai da shi da abin da muka ƙara wa kanmu. Waliyyi, shaidu, sadaki da siga, su ke nan. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya da muke bi rubu'in dinari ne. Walima sunna ce, amma ba a yanka mata adadi ba: walimar Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu aka yi ta. Tun zamanin Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya ya kuma rasu a 2004, malaman garin nan ke jan kunne a kan almubazzaranci wajen aure da zaman makoki. Akwai kuma abu guda mai arha da muke mantawa, wato rajista. Dokar auren Musulmi ta 1907 ta ce a yi wa aure rajista a hukuma cikin mako guda da ɗaura shi. Takardar nan ba ta kai kuɗin hayar lasifika ba, amma ranar rabon gado ko neman biza ita za a tambaya, ba hoton biki ba.

Lefe

A nan ne yawancin samari ke karyewa. Shawararmu ita ce iyaye mata na ɓangarorin biyu su haɗu tun kafin a sa rana su yanke adadi, kada a bar shi a bakin ƙawaye. Atamfa biyar ko shida masu kyau da za a ɗinka a sa sun fi ashirin da za su kwana a akwati har asu ya ci. A sa turmi ɗaya na Holan don fita kunya idan da hali, sauran a cika da GTP ko ATL, waɗanda a ƙasar nan ake buga su, kuma ba su zuba. Kada a saye su rana ɗaya. Saurayin da ya shiga adashi, wanda a nan ake ce wa susu, ya riƙa sayen abu ɗaya duk wata yana kai wa gwaggonsa ajiya, kafin shekara ya haɗa lefe ba tare da ya ji a jikinsa ba. Da ma da yayyafi kogi kan cika.

Haka zancen yayi. In an fitar da na lalle, na walima da na kai amarya, an ɗora wa kowace ƙawa ɗinki uku, alhali daga cikinsu akwai mai tallan koko da 'yar makaranta. A fitar da ɗaya mai sauƙin kuɗi, ko kuma a ce launi kaza, kowa ta zo da abin da take da shi. A hoto ba wanda zai gane bambanci.

Lokaci da abinci

Sa rana ma dabara ce. Daga Nuwamba zuwa Janairu an gama girbi, shinkafar gida da masara da gero da doya sun sauko a kasuwar Aboabo, kuma ba fargabar ruwan sama, balle a ce sai rumfa mai yawa. Watan Sha'aban kuwa kowa na rige-rigen ɗaura aure kafin azumi, masu haya da teloli sai su ja farashi. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi kan yi tsada. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi ranar da ba a cunkoso.

Wajen girki, kala biyu da suka ji hannu sun fi biyar da aka yi wa ha'inci. Tuwon zafi da miyar ayoyo ga manya, wake da shinkafa ko dafa-duka ga matasa, sai masa da safe. Shinkafar da ake nomawa a fadamun Nasia da Botanga, in an tsince ta an wanke sosai, ba ta da abin kushewa. Maimakon katan-katan na lemon kwalba, a dama zoɓo da citta da kanumfari, a yi zomkom irin na maƙwabtanmu, a sa ƙanƙara. Baƙon da ya zo daga Kumasi ko Ankara ya gaji da lemon kwalba, abin da bai samu a can ba shi zai tuna. A kuma dawo da cin abinci a tire, mutum huɗu ko biyar a kwano ɗaya. Robar ɗauki-ka-tafi tana cin kuɗi, tana sa mutum ɗaya ya kwashi rabon uku, washegari kuma ita ce cike da kwata. Aikin girki a yi shi gayya, a raba tun da wuri: wannan gida itace, wancan tukwane, 'yan mata tsintar shinkafa. A naɗa dattijuwa ɗaya ta riƙe makullin ɗakin ajiya, don barin kashi a shekara ba ya kai barnar yini ɗaya na biki.

Ado da aikin hannu

Kyan wuri ba ya bukatar furen roba da balan-balan. A share tsakar gida a yayyafa ruwa, a shimfiɗa tabarmi da darduma na aro. Bayan kujerar amarya a rataya zanen saƙi na Daboya ko farin yadi, a jera faifai masu launi a kai da allura da zare. Ƙorai da aka wanke aka goge su ɗauki goro da dabino da alewa, kwandon Bolga ya ɗauki nakiya da cincin. A kunna turaren wuta a kasko a bakin ƙofa. Duk waɗannan in an gama za su koma ɗakin amarya, ba a yi asarar ko ɗaya ba. Lalle kuwa, kowace zuri'a ba ta rasa yarinya mai hannu. A saya mata garin, a ba ta tukwici.

Tsarabar baƙi ma ana iya haɗa ta a gida. Man kaɗe yana da arha a garin nan. A narkar da shi, a ɗiga turare, a zuba a ƙananan gwangwanaye, ko a yanka sabulun salo a naɗe da ƙyallen da ya ragu wurin tela a ɗaure da zare. 'Yan makaranta biyar za su gama ɗari a yammaci ɗaya. Katin gayyata a buga kaɗan don dattawa, a kai musu da goro hannu da hannu kamar yadda aka saba, sauran jama'a a aika musu ta WhatsApp.

Gudunmawa

A ƙarshe, mu 'yan gayya muna da namu laifin. Mu ne masu leƙa akwati muna ƙirga zannuwa, mu ne masu cewa naman bai kai ba. Tsoron bakinmu ne ke sa uba ya ci bashi da ruwa, shi ne kuma ke sa 'yan mata su daɗe a gida samari na gudu. Maimakon liƙi a filin rawa don a gani, a kai gudunmawa mako biyu kafin biki, ko mudun shinkafa ne ko ɗan abin da aka tura ta waya, lokacin da zai yi amfani. Abin da aka tsimin kuma a saya wa amarya keken ɗinki ko a ba ta jari, ko a biya wa ango hayar ɗaki ta shekara.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata su zauna su yanke ƙa'idar lefe da yayi wadda kowa zai bi, mai kuɗi ya fara. Idan Alhaji ya aurar da 'yarsa da akwati ɗaya, talaka ya samu abin kafa hujja. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, Ya kuma rufa mana asiri, amin.